Ramin bakin layinmu: mu haɗa kuɗi mu cike ko mu jira gwamnati?

Maman_Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Layinmu a nan cikin Kano ɗan ƙaramin titi ne mai kwalta, da can har yara na buga ƙwallo a kai da yamma. Tunda aka fara aikin gada a babban titin da ke kusa da mu aka rufe hannu ɗaya, sai kowa ya gano layinmu: adaidaita, bas-bas, har da tifofin yashi. Kafin damina akwai wata 'yar tsaga daidai bakin kwalbati, tafin hannu zai rufe ta. Yanzu ta zama ramin da in an yi ruwa ba ka ganin ƙasansa. Ranar Talata a kan idona wani bawan Allah ya faɗa da babur, da buhun garin masara a baya. Buhun ya fashe, garin ya bi ruwa, shi kuma ya zauna bakin kwata riƙe da gwiwa, bai ce wa kowa komai ba. Dattijo ne, ya haife ni. Tun ranar abin yake cina.

Maigidana da dattawan layi sun zauna bayan sallar isha'i. Wasu sun ce kowane gida ya kawo naira 5,000 a sayo baraguzai a zuba. Wasu sun ce a'a, ba mu muka kawo manyan motoci ba, in muka cike an samu hujjar mantawa da mu. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana abin da ya fi.

Sani_Adaidaita: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku cike, don girman Allah ku cike. Mu da muke kwana muke tashi a kan titi mu muka san zafin abin. Wata biyu da suka wuce na canza shokazoba, yanzu ma ta fara ƙara. Kuɗin balas ɗin mai mashin kuwa ba ya jiran uzuri, ko ka wuni a gareji sai ka kai.

Abu_Hanifa77: Ni ban goyi baya ba. Haraji muke biya, ba sadaka muke roƙo ba. Yau ku cike rami, gobe ku sayi taransifoma, jibi ku haƙa rijiyar burtsatse, to me ya rage wa masu mulki?

Injiniya_MB: Hajiya, kafin a kai ga wa zai biya, bari in faɗi abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarku, don aikina ke nan shekara da shekaru.

Titi hawa-hawa ne. Akwai ƙasar wurin da aka daddaɓe, a kanta a shimfiɗa marmara ko dakakken dutse a bi da rola, sannan a rufe da kwalta. Kwaltar nan da kuke gani ba ita ke ɗaukar yawancin nauyi ba, abin da ke ƙasanta ne. Babban aikinta a irin ƙananan titunan unguwa shi ne ta hana ruwa shiga. Da zarar ta tsage, ruwa ya sami ƙofa. Ya jiƙa marmarar, ta yi laushi, kowace taya ta taka sai ta matse ruwan ya fito da laka, a bar kogo a ƙarƙashi. Rana ɗaya sai saman ya rufta. Shi ya sa kika ga tsagar tafin hannu ta zama rijiya a damina guda.

Kin ce ramin daidai bakin kwalbati yake. Wannan ita ce maganar da ta fi ɗaukar hankalina. Ina kyautata zaton kwalbatin ya toshe, ruwan da ya kamata ya bi ta ciki yana kwanciya a gefe yana cin titin. In haka ne, ko tifa goma kuka zuba, ruwan sama biyu zai kwashe. Baraguzan gini kuma su ne mafi muni, domin ba sa haɗuwa su daddaɓu, akwai rodi da ƙusa da fasassun tayil a ciki, ga fasa taya. Ku fara duba kwalbatin.

Maman_Khalifa: @Injiniya_MB wallahi Yallabai kamar kana wurin. Na aiki Khalifa ya leƙa, ya ce bakin kwalbatin a cike yake da yashi da ledojin ruwa, ko kaza ba za ta shiga ba.

Baba_Dattijo: To kun ji. 'Ya'yana, mun daɗe muna ɗora wa gwamnati laifi, kuma tana da nata, amma wa yake zuba shara a kwata? A unguwarmu da zarar hadari ya haɗo sai ka ga yara sun fito da bokitan shara, an ce musu su juye ruwa ya tafi da ita. Ina ruwan zai kai ta? Ƙofar gidan maƙwabci. Lokacin muna samari, kafin damina mai unguwa zai sa a yi shela, ranar Asabar kowa ya fito da shebur da manjagara. Ba a biyan kowa, sai dai mata su dama kunu su aiko. Aikin gayya bai mutu don tsada ba, mu muka sake shi.

Abu_Hanifa77: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa maka ba. Amma mutumin da ba a ajiye masa wurin zuba shara ba, kuma motar kwasa ba ta shigowa layinsa, ina zai kai? Gyaran hali da samar da wurin zubawa tare suke tafiya.

Zee_Gyadi: Ni tambayata daban. Ta yaya mutum zai san titin nan na wa ne? Kullum aka yi magana sai a ce na tarayya ne, ko na jiha ne, ko na ƙaramar hukuma. Talaka ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Lauya_Kabir: @Zee_Gyadi a taƙaice kashi uku ne. Manyan hanyoyin da suka haɗa jiha da jiha, irin Kano zuwa Zariya, Kano zuwa Katsina, Kano zuwa Maiduguri, na gwamnatin tarayya ne, kuma akwai hukumar FERMA da aka kafa a 2002 don yi musu kwaskwarima. Yawancin titunan cikin birni na jiha ne, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka, akwai kuma hukumar gyaran tituna ta jiha, KARMA. Ƙananan hanyoyin unguwanni da na karkara da yawa suna wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda a Kano guda 44 ne. Kada a haɗa su da KAROTA, ita aikinta kula da zirga-zirga ne, ba faci ba.

Shawarata ga Maman Khalifa: ku rubuta takarda, ba ƙorafin baki ba. A sa sunan layi, ranar da aka fara karkato motoci, hotunan ramin, mai unguwa ya sa hannu, a kai ta hannun kansila, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ku kuma nemi injiniyan da ke kula da aikin gadar. A ka'idar aiki, wanda ya karkatar da motoci ya kamata ya kula da hanyar da ya tura su. Sau da yawa katafila da rola suna nan a ajiye a wurin aikin, tafiyar minti biyar daga ramin.

Sani_Adaidaita: Barista, kafin takarda ta yi yawo ta dawo, ƙafa nawa za ta karye?

Lauya_Kabir: Ban ce a zauna a naɗe hannu ba Malam Sani. Na ce a yi duka biyun.

Ummu_Sudais: Ni abin da ya sa ba na iya karanta irin wannan magana da sanyin zuciya ke nan. Bara cikin watan Agusta naƙuda ta kama ƙanwata wajen ƙarfe biyu na dare, ana tsuga ruwa. Maƙwabcinmu ya fito da motarsa, Allah ya saka masa. Tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba mun yi kusan awa. Ruwa ya rufe titi, ba ka sanin ina rami ina tudu, sai ƙanina ya fita yana tafe a gaban motar da sanda da fitilar waya yana lalube, ruwa har gwiwarsa. Duk da haka ƙafar gaba ta faɗa wani rami, na ji ƙarar da ta yi har cikin raina. Ina riƙe da kan ƙanwata a cinyata ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wasu samari masu gadi su huɗu suka shigo ruwan suka cicciɓi motar. Allah ya sa ta sauka lafiya, yarinyar yanzu har ta fara tafiya. Amma tun ranar idan na ji ana cewa ai rami ne kawai, sai in ji wani abu ya tokare ni. Ku cike Hajiya, ko da me za a cike.

Maman_Khalifa: Allahu Akbar. Allah ya raya ta, 'yar'uwa. Jikina duk ya yi sanyi.

Hafiz_Kurna: Amin. Allah ya kiyaye gaba.

DirebanTirela_Ali: Tunda an ambaci manyan motoci bari in sa baki, don na san mu ake harara. Babu direban da yake son shiga lungu da mota mai ƙafa goma sha takwas. Kwana ɗaya za ka sha a layin unguwa ka taɓa katangar wani, ka wuni a ofishin 'yan sanda. Amma in an rufe hanya ba a kafa allo tun daga nesa ba, sai ka iso bakin shingen sannan ka gani, ga motoci sun cika bayanka, ina za ka juya? Dole ka bi inda na gabanka ya bi. A kafa mana alama tun daga bayan gari mu bi baifas, wallahi mun fi kowa murna.

Mun sha irin wannan a hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. An ba da aikin a ƙarshen 2017, kilomita 375, shekaru muna gwamutsuwa a hannu ɗaya, mai zuwa da mai dawowa. Hannun da aka bar mana shi ma ya ci gaba da farfashewa saboda ya ɗauki kayan biyu.

Injiniya_MB: Malam Ali ya taɓo wurin. Mutane suna ɗauka yawan motoci ne ke kashe titi. Nauyi ne. Ƙa'idar da muke aiki da ita, wadda ta fito daga gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ita ce in nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Wato tifa ɗaya cike da jiƙaƙƙen yashi ta fi dubban adaidaita illa. Titin unguwa kuwa an yi shi ne da siririyar kwalta don ƙananan motoci. Ba a gina shi don wannan kaya ba.

DirebanTirela_Ali: Gaskiya ne Injiniya, kuma lodin ba mu ke yanke shi ba. Mai kaya ne zai ce a ƙara, don kuɗin gas ya fita.

Sani_Adaidaita: Alhamdu lillahi yau an wanke mu. Kullum mu ne masu laifi a garin nan.

Zee_Gyadi: Malam Sani an wanke ku a kan rami, ba a wanke ku a kan tuƙi ba. Jiya a gabana ɗan adaidaita ya kauce wa rami ya dawo hannunmu gaba da gaba, da 'yan makaranta shida a ciki. Kuma tsayawa a tsakiyar titi a ɗauki fasinja fa?

Sani_Adaidaita: Anti Zee, akwai ɓata-gari a cikinmu, ban ɓoye ba. Yara ƙanana da ba su san hannu ba ana ba su mashin. Amma kaucewa rami ba ganganci ba ne, ƙafa uku gare mu, in ta gaba ta faɗa kifewa za mu yi da fasinjan gaba ɗaya.

Malam_Tarihi: Wannan gardama ta tuna mini yadda zirga-zirgar Kano ta sauya a ɗan lokaci. Matasan zauren nan wataƙila ba su riski lokacin da acaɓa ta cika gari ba. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur don haya a cikin birni. Daga nan adaidaita sahu ta gaji kasuwar, sunan kuma ta samo shi ne daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Shekarau, lokacin da aka kawo su don ɗaukar mata. Sannan aka shiga zamanin gadoji: ta Ƙofar Nasarawa da gadar ƙasa ta Kabuga da Gadon Ƙaya a zamanin Kwankwaso, ta Dangi da ta Hotoro a zamanin Ganduje, ga Ɗan Agundi da Tal'udu da gwamnatin Abba ta aza harsashinsu a ƙarshen 2023. A ƙarshen 2022 ma an yi yunƙurin hana adaidaita bin wasu manyan tituna, jama'a suka koka, aka dakatar.

Abin da nake lura da shi, kowace gada tana sauƙaƙa mahaɗar da aka yi ta, amma cunkoson yakan matsa gaba zuwa mahaɗa ta gaba. Kuma ƙananan titunan da suka ɗauki nauyin gari lokacin da ake ginin, su ba a yanka musu kintinkiri.

Kwankwason_Asali: Malam ka faɗi gaskiya, kowa ya san wanda ya fara kawo gadar sama Kano.

Gandujiyya_Dole: Wanda ya ƙarasa ayyukan da aka bari fa? A riƙa adalci.

Admin_Nura: 'Yan'uwa don Allah. Baiwar Allah ta kawo matsalar layinsu, kada mu mayar da ita filin kamfen. Duk wanda ya sake jan mu can zan goge.

Dan_Maradi: Salamu alaikum mutanen Kano. Ni daga Maraɗi nike, ina shigowa Kantin Kwari sayen kaya. Wajenmu akwai unguwannin da ba a sa musu kwalta ba, sai aka shimfiɗa musu fabe, irin bulullukan da kuke ce ma intalok. An ɗan kwantar da tsakiyar titin, in an yi ruwa titin da kanshi ne magudana. Amfaninshi, in wuri ya lotsa sai a ɗaga bulon, a gyara ƙasa, a maida. Ba ya bukatar babban inji. Mu ma muna da ramukanmu, ba na ce mun huta ba. Lokacin Maradi Kolliya, bikin ranar jamhuriyar Nijar da aka yi a Maraɗi a 2015, an yi tituna, amma bayan biki kulawa ita ce magana.

Injiniya_MB: Sannu da zuwa mutumin Katsinar Maraɗi. Intalok yana da kyau ƙwarai ga lunguna da wuraren da ruwa ke kwanciya, a Kano ma an yi shi a unguwanni da dama. Sharaɗinsa a daddaɓe ƙasan sosai, a kuma ɗaure gefe da siminti, in ba haka ba bulon zai riƙa zamewa. Amma a layin Hajiya, muddin tifofi na bi, shi ma zai sha wuya.

Hafiz_Kurna: Ni ina da ƙorafi a kan samarin da ke tsayawa da shebur a bakin rami suna zuba ƙasa suna miƙa hannu. Akwai wani wuri a hanyar zuwa aikina, wata uku suna cike rami ɗaya. Anya so suke ya cike?

Ummu_Sudais: Malam Hafiz kada mu yi musu jam'u. Irinsu ne suka ɗaga motarmu a daren nan, ko sisi ba su karɓa ba.

Hafiz_Kurna: Haka ne Hajiya, na karɓi gyara. Amma jar ƙasa zalla da suke zubawa, da rani ƙura, da damina santsi. Niyya mai kyau ce, aikin ne ba ya zama.

Abu_Hanifa77: Na karanta labarin Ummu Sudais sau biyu. Ban janye maganata ba cewa hakkinmu ne a yi mana, amma ba zan ce a bar rami a buɗe don a nuna wa wani kuskurensa ba. Abin da nake tsoro shi ne a karɓi 5,000 a hannun bazawara mai sayar da ƙosai daidai da mai gidan bene. In za a yi, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, a rubuta, a karanta a masallaci. Kuma takardar Barista ta riga tifar fita.

Injiniya_MB: To in kun tsaya a kan yi, ga yadda kuɗinku ba zai bi ruwa ba. A fara yashe kwalbatin da kwatar har inda take zubarwa, ba bakin kawai ba. A kwashe ruwa da taɓon cikin ramin sai an tarar da ƙasa mai tauri. A sassare gefen ramin ya miƙe, a cire duk kwaltar da ta yi laɓo-laɓo. A sayo marmara mai tsakuwa ko dakakken dutse, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, kamar kaurin tafin hannu a tsaye, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa kafin a ƙara wani. Masu aikin intalok suna ba da hayar ƙaramin injin daɓe na wuni guda. Wannan ba gyara ba ne na dindindin, zai dai riƙe ku zuwa rani. Kafin nan, yau ɗin nan, a kafa wani abu mai haske a wurin saboda dare. Reshen bishiya da tsohuwar taya ba sa ganuwa sai an zo kansu.

Maman_Khalifa: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigidan duka. An sake zama daren jiya. An amince ranar Asabar bayan asuba za a fito yashe kwalbati, mu mata za mu yi kunu da ƙosai kamar yadda Baba ya tuna mana. Wani malamin makaranta a layin ya ɗauki nauyin rubuta takardar. Maganar kuɗin marmara ce har yanzu ba a daidaita ba, mutum uku sun ce sai an ji amsar masu aikin gadar tukuna. Khalifa da abokansa sun kafa durom sun shafa masa farin fenti.

DirebanTirela_Ali: Hajiya ku sa a takardar cewa a kafa allo tun daga babbar mahaɗa, manyan motoci su daina shigowa. In ba haka ba ko an cike za mu sake fasa shi, ba da son ranmu ba.

Baba_Dattijo: Yashin da kuka kwaso kada ku tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi. Ku nemi mai kura ya kwashe a ranar.

Injiniya_MB: Hajiya in an buɗe kwalbatin a ɗauko mini hoton cikinsa ta ɓangaren da ruwa ke fita. In rufinsa ya tsage, magana ta canza, kada a zuba komai a kai sai na gani.